Hatimi Ya Isa Shaida?

'Yan'uwa, dattawanmu na Bakori suna tune da zamanin da kamfanin BCGA ya ke gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Malamin duba ya kan sa hannu cikin buhu, kāna ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu. Idonsa shi ne shaida.

Yau mai sayen riga a Ingila ko Jamus ba ya ganin buhu. Abin da ya ke gani ɗan tambari ne a wuyan riga, wanda ke cewa an noma audugar ba tare da an kashe ƙasa ko an zalunci manomi ba. Ƙungiyoyi irin su Better Cotton, da GOTS, da Cotton made in Africa, wadda aka kafa a Hamburg a 1905 da ɗari, watau 2005, su ke ba da shi. Nufinsu mai kyau ne, gama ba wanda ke son cinikin biri a sama.

Amma hatimi bai fi mai buga shi gaskiya ba. A 2020 GOTS da kanta ta gano ton 20,000 na auduga a Indiya da takardun jabu, ana cewa ba a zuba mata takin zamani ko magani ba. Better Cotton kuwa ta daɗe tana yarda a gauraya audugarta da wata a hanya, muddin lissafin nauyi ya daidaita. Ashe tambarin yana kan rigar, audugar kuwa watakila tana wata riga dabam.

Saboda haka kada mu rena tambari, kada kuma mu rufe ido mu gaskata shi. Mu tambaya: Wa ya duba gonar, wa kuma ya biya shi? Ana iya bin sawun audugar har gona? Me ya shiga aljihun manomi?

Sai dai tambayar tana komowa gidanmu. Wanda ya yayyafa wa audugarsa ruwa, ko ya zuba yashi a gindin buhu domin ta yi nauyi, ina bambancinsa da mai takardar jabu? Rashin amana irin wannan ne ya sa duniya ta ke neman hatimi. Mu da mu ke cewa Allah yana ganinmu, bari buhunmu ya zama ɗaya daga baki har gindi, ko mai duba ya zo, ko bai zo ba.