Murmushin Aro

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, amma a ƙaramin kamfani wanda ya rubuta shi zai zana. Bara na tsara fuskar wata manhajar koya wa yara lissafi: launuka masu kaifi, babu inuwa, ga 'yan furanni suna dariya a kowane lungu. Wata abokiyar aikina ta leƙo ta ce, "Malam, ai wannan Murakami ne." Na buɗe baki zan musa, sai na kasa.

Takashi Murakami, wanda aka haifa a Tokyo a 1962, shi ne mai furannin nan masu wangale baki. Shekara da shekaru ina kallon zanensa, tun daga bangon faifan Kanye West na 2007, har hannuna ya koyi abin da ban sa shi ba. To, sata na yi?

Da farko na wanke kaina. Shi ma ai ɗiba ya yi. Ya karanci zanen gargajiyar Japan har digirin digirgir, ya gauraya shi da zanen manga da anime, ya raɗa wa salon suna Superflat, wato shafaffen zane marar zurfi. Ayyukansa da yawa ma hannun ma'aikatansa na kamfanin Kaikai Kiki ne ke shafa musu fenti. Mu kuma masu manhaja kullum muna ɗaukar aikin wasu, lasisi ya yarda, muddin ka bar sunan mai shi. Launi kuwa ba shi da lasisi.

Wannan hujja ba ta kwantar min da hankali ba. A 2005 Murakami ya shirya baje kolin zane a New York, ya sa masa suna Little Boy, sunan bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945. A ganinsa, son da Japan ke yi wa abubuwa masu kama da kayan wasan yara tabo ne na ƙasar da aka ci da yaƙi. Dariyar furanninsa ta mai ciwo ce. Ni na kwaso dariyar, na bar masa ciwon, don kawai yara su daɗe suna danna allo. Wannan ya fi damuna a kan rashin ambaton sunansa, domin suna layi ɗaya ne, yau ma zan iya ƙara shi.

Na gwada cire furannin, fuskar ta mutu murus. Na mayar da su. Suna nan har yanzu, kuma ɗan yayata, in ya ci lissafi, furen yake fara nuna min.