Shaidar Hannu a Ranar Farko

Daga cikin mas'alolin da masu hankali suka daɗe suna kai-kawo a kansu, tun zamanin hukama'un Yunanawa har zuwa malaman kalam na Musulunci, akwai wannan: shin abin da mutum ke ji a ransa sa'ad da ya fara haɗuwa da wani abu ilmi ne wanda za a gina hukunci a kansa, ko zato ne mai rinjaye, ko kuwa wahami ne tsantsa da zuciya ta ƙaga don ta faranta wa kanta? Mas'alar tana shiga sayen doki, tana shiga zaɓen malami, har neman aure ba ta ƙyale ba, amma ban ga inda take fitowa fili ƙarara ba kamar wurin makaɗin da ya shekara da shekaru yana fama da jitar lantarki mai araha, sa'an nan wata rana aka miƙa masa irin wadda gwanayen masana'antun Amurka ke gamawa da hannu, ana sayarwa dala 5,000 ko fiye. Irin wannan mutum, da ya ɗora yatsunsa ya ɗan kaɗa, sai ka ji yana rantsuwa cewa yau ya fara jin kiɗa, duk abin da ya yi a baya wahala ce kawai ya sha. Wannan rantsuwa tasa ita nake so mu ɗora a kan mizani.

Wajibi ne a fara sanin abin da ake magana a kansa. Galibin jitar lantarki falankin katako ne marar rami, ba ta da ƙoƙon da zai amsa amon tsirkiya, har ma in ka kaɗa ta ba a jona ba, da ƙyar wanda ke bakin ƙofa zai ji. Sirrinta yana ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida na ƙarfe, inda aka dasa maganaɗisu aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, ta yadda idan tsirkiya ta girgiza sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, motsin ya haifar da 'yar wuta mai rauni a cikin wayar, wutar ta bi igiya zuwa akwatin da ke ƙara mata ƙarfi ya fitar da ita sauti. Asalin wannan hikima Michael Faraday ne ya gano ta a Ingila a 1831, ba kuwa da nufin kiɗa ba, sai bayan shekara ɗari, a 1932, aka fara sayar da jita mai aiki da ita a Kalifoniya. A can ne kuma wani mai gyaran rediyo, Leo Fender, ya fito da tasa a 1950, ya biyo da Stratocaster a 1954, alhali kamfanin Gibson na jihar Mishigan ya riga ya fitar da Les Paul a 1952. Abin mamaki shi ne Leo Fender bai iya kaɗa jita ba har ya bar duniya, watau daɗin nan da makaɗa ke rantsuwa a kansa, shi da ya ƙera musu abin bai taɓa ɗanɗana shi ba, sai dai ya miƙa musu, ya saurari kokensu, ya koma ya gyara.

To, me makaɗin nan ke ji a haƙiƙa? Adalci ya hana a ce duk mafarki yake yi. Ni kaina an taɓa miƙo mini irin wannan jita a shagon wani mai sayar da kayan kiɗa, kuma abin da ya fara zo mini nauyinta ne a kan cinya da santsin bayan wuyanta a tafin hannu, tun kafin a kai ga sauti. Sandunan ƙarfen nan da aka gicciya a wuyanta an goge su, an daidaita tsayinsu, ba ɗaya da ya fi ɗan'uwansa tashi, bakinsu kuma ba ya yankar yatsa, saboda haka aka sami damar kwantar da tsirkiyoyi kusa da katako ba tare da sun yi ƙugi ba, sai ya zama abin da mutum ya saba dannawa da ƙarfi har kan yatsunsa su yi kanta, yanzu taɓawa kawai yake buƙata. Ka ɗaure tsirkiya ta zauna inda ka ajiye ta, ka ja ta da yatsa ka saki ta koma mazauninta, ka kaɗa guda ɗaya amonta ya daɗe yana tafiya kafin ya mutu. Waɗannan abubuwa ne da ake aunawa da ma'auni, ba sa buƙatar rantsuwar kowa, kuma su ne 'ya'yan abin da malamai ke kira itƙani, watau kyautata aiki har inda idon mai saye ba ya kaiwa. Wanda ya ce babu bambanci tsakanin aikin gwani da aikin gaggawa ya zalunci gwani, Bahaushe ma ya ce araha ba ta ado.

Sai dai fa akwai wani abu da ya kamata alƙali ya lura da shi kafin ya karɓi wannan shaida. Fuƙaha'unmu na Malikiyya sun shar'anta cewa ba a karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da ita, ko yake tunkuɗe wa kansa cuta, ko da kuwa shi adali ne a sauran al'amuransa, domin tuhuma ta shiga. Makaɗin da ya riga ya ga sunan da ke rubuce a kan jitar, ya ji kuɗinta, ya tuna manyan gwanayen da ya gani riƙe da irinta tun yana yaro, balle a ce ya riga ya ƙirga dukiyarsa ya bayar, shi ne ainihin wannan mashaidi, don kuwa in ya ce ba ta kai ba, ya hukunta kansa da wauta ke nan, rai kuma ba ya son haka. Kunnensa ba ya shiga majalisar shi kaɗai, yana shiga ne tare da ido da buri da tsoron nadama, kowannensu yana raɗa masa abin da zai faɗa.

An taɓa jarraba wannan a zahiri, ko da yake a kan gogen Turawa aka yi. A 2010, a birnin Indiyanafolis na Amurka, wasu masu bincike da Claudia Fritz ta jagoranta suka tara gwanayen goge 21 a wani ɗaki mai duhu-duhu, suka sanya musu baƙin tabarau irin na masu walda, har suka ɗiga turare a jikin kowane goge don kada ƙamshin tsohon katako ya tona asiri, sa'an nan suka ba su goge shida: uku sababbi, uku kuwa tsofaffin Italiya ne masu darajar miliyoyin daloli, biyu na Stradivari, ɗaya na Guarneri. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai so ya tafi gida da shi, sai 13 daga cikinsu suka zaɓi sabo, wanda aka fi ƙi kuwa duk cikin shidan na Stradivari ne. Mutanen nan ba jahilai ba ne, hasali ma sun fi kowa sanin goge. Abin da aka ɗauke musu kawai shi ne suna.

Kada kuma a ɗauka kallon farko kullum wajen yabo yake kuskure, yakan yi kuskure wajen raini. Jitar Les Paul da Gibson ya ƙera tsakanin 1958 da 1960, wadda yawanta duka bai kai 2,000 ba, an sa mata kuɗi ƙasa da dala 300, makaɗan lokacin suka ɗaga suka ce ta yi nauyi kuma tsohon yayi ce, kasuwarta ta mutu har kamfanin ya daina yin irinta. Sai da wasu samarin Ingila, musamman Eric Clapton wajen 1966, suka tsinto ta a shagunan tsofaffin kaya suka jona ta da akwati mai ƙarfi, sa'an nan duniya ta waiwayo, Gibson ya koma ƙera Les Paul a 1968, yau kuwa guda ɗaya daga cikin na waɗancan shekaru uku sai dala dubu ɗaruruwa. Katakon bai canja ba, wayar ba ta canja ba. Wanne ne gaskiya, rainin 1960 ko girmamawar yau? Ni a ganina kowannensu ya ɗauki rabonsa na wahami.

Hujjatul Islam Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labari a cikin littafinsa Munƙizu yadda ya tuhumi gaɓoɓinsa na ji da gani, bayan ya lura ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi sannu-sannu, yana ganin tauraro ɗan mitsitsi alhali lissafi ya nuna girmansa, sai ya gane cewa gaɓa tana da alƙali a samanta, shi ne hankali, hankali kuwa yana buƙatar lokaci da maimaici kafin ya yanke. Shari'a ma ba ta sakar wa kallon farko linzami ba a sha'anin ciniki, shi ya sa ta buɗe ƙofar hiyari, mai saye ya shar'anta 'yan kwanaki don ya jarraba ko ya yi shawara, aka kuma bambanta wa'adin gwargwadon haja, gida kamar wata guda, tufa ko dabba kamar kwana uku.

Na san mai karatu zai ce, to ina hukuncin kiɗan kansa? Ba fatawa na zauna bayarwa ba, amma ɓoye saɓani ha'inci ne. Jumhurin malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana kayan kiɗa masu tsirkiya, suna kafa hujja da hadisin ma'azifu, watau kayan kiɗa, da ke cikin Sahihul Buhari. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya soki isnadinsa ya halatta, malaman hadisi da dama kuma suka yi masa raddi. Shi Gazali a cikin littafinsa Ihya'u bai ga haramci a daɗin sauti don zatinsa ba, har ya ƙiyasta shi da kukan tsuntsaye masu zaƙin murya, amma duk da haka ya hana masu tsirkiya saboda sun zama alamar majalisar mashaya. Kowa ya nemi malaminsa a kan wannan. Abin da ya shafi maganarmu daga babin nasa shi ne ra'ayin da ya ƙarfafa, cewa sauraro ba ya zuba wa zuciya abin da babu shi a cikinta, sai dai ya motsa abin da ke kwance.

A nan ne nake ganin ainihin mas'alar take, domin abin da ya faɗa game da mai sauraro ya fi dacewa da mai kaɗawa. Bayan 'yan makonni, sa'ad da ƙamshin akwatinta ya gushe, hannu kuma ya saba da santsinta har ya daina lura da shi, sai wani ji na biyu ya zo wa makaɗin, wanda bai kai na farko daɗi ba amma ya fi shi gaskiya: jitar nan ba ta rufa asiri. Da, in sauti ya fito a karkace, yana da wanda zai ɗora wa laifi, ya ce tsirkiya ce ta saki, ko wuyan ne ya lanƙwashe, ko wayar ce ke ƙugi, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Yanzu kuwa duk waɗannan an kawar, yatsan da ya makara ana jin makararsa, wanda ya danna a gefe ana jin gefensa, akwatin ƙara sauti kuma ba ya zaɓe, yadda yake ɗaga daidai haka yake ɗaga kuskure. Ya sayi abin ne yana zaton zai ƙara masa gwaninta, sai ya tarar uzurinsa ya sayar. Haka sha'anin kowace ni'ima yake a wurin malaman tarbiyya: lafiya, da faraga, da littattafai, da malami nagari, kowannensu yana shigowa da fuskar kyauta, ya zauna ya zama hujja a kan mai shi, mutum kuwa ba ya jin nauyin hujjar a ranar da ya karɓa, sai daga baya.

Ɗaliban tauhidi da suka karanta littattafan Imam Sanusi sun san hukunci iri uku ne, na hankali da na shari'a da na al'ada, sun kuma san na al'ada shi ne haɗa abu da abu saboda an saba ganinsu tare, tare da cewa yana yiwuwa su rabu. Cewa kayan aiki mai kyau yana zuwa da aiki mai kyau hukuncin al'ada ne, yana saɓawa ta fuska biyu. Ɗakuna nawa ne a Amurka da Turai aka rataye jita masu tsada a bango, masu su attajirai ne da ba sa iya kai waƙa ɗaya ƙarshe? Ga kuma Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na jihar Tawa a Nijar, wanda iyayensa ba su yarda da kiɗa ba saboda addini, ya sassaƙa jitarsa ta farko da guntun katako ya ɗaura mata wayar birkin keke, ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga wayar hannu zuwa wayar hannu a Sahara kafin Turawa su san da shi. Yau Stratocaster yake riƙewa a manyan dandamalin duniya, kuma ba shakka ta sauƙaƙa masa, amma abin da ake taruwa a ji ya riga ya kasance a hannunsa tun ranar wayar birki. Ala sababi ce, ba a raina sababi, ba a kuma jingina masa aikin da ba nasa ba.

Saboda haka hukuncina a kan rantsuwar makaɗin nan shi ne a karɓi sashenta a jingine sashe: abin da ya faɗa game da kyawun ƙira a gaskata shi, don ana iya aunawa, abin da ya faɗa game da kansa kuwa a dakata sai wata ya zagayo. Kai kuma saurayi da ka tara kuɗinka kana shirin shiga shago, ka roƙi mai shagon ya ba ka hiyarin 'yan kwanaki in zai yarda, in bai yarda ba ka tafi da abokinka ya ɗaure maka ido, ya riƙa miƙo maka mai tsadar da wadda ba ta kai rabin kuɗinta ba, a jona su da akwati ɗaya, ba tare da ya gaya maka wacce ce wacce ba. In hannunka ya rarrabe su sau da yawa a jere, ka biya da natsuwa. In ya kasa, ka ɗauki mai sauƙin, sauran kuɗin ka kai wa wanda zai koya maka.