Awa Goma Sha Biyu A Kan Keke

A ƙauyukan Ingila, ranar Lahadi da asuba idan sanyi ya wuce, akan ga mutane sun taru a gefen titi, kowa da kekensa da lamba maƙale a bayan riga. Babu filin wasa, babu 'yan kallo. Wani dattijo na riƙe da agogo da takarda, wani kuma ya tallafe wa mahayi keke har a ƙirga daga biyar zuwa ɗaya a sake shi. Bayan minti ɗaya cif a saki na biye. Haka za a yi ta yi har su watse a kan hanya, kowa shi kaɗai. Doka ta hana mutum ya laɓe a bayan wani don ya tare masa iska. Wanda ka cim ma ka wuce shi, wanda ya cim maka ka bar shi ya tafi.

Tsoron hukuma ne ya haifi wannan tsere. A 1890 ƙungiyar masu keke ta ƙasar ta hana mambobinta tsere a kan titunan jama'a, gudun kada 'yan sanda su fusata su takura wa kowane mai keke. Sai Frederick Bidlake na kulob ɗin North Road ya fito da dabara: idan mahaya suka tashi ɗaya bayan ɗaya, babu mai cewa tsere suke yi. Ranar 5 ga Oktoba 1895 ya shirya gasar mil 50 a haka. Shekaru da dama mahaya baƙaƙen kaya suke sawa don kada a lura da su, hanyoyin ma da harafi da lamba ake kiransu, al'adar da ta ɗore har yau. Kuma har yanzu ƙananan kulob-kulob na 'yan sa-kai ne ke riƙe da abin, malamai da makanikai da 'yan fansho, waɗanda ladarsu ba ta wuce kofin shayi a zauren taron ƙauye.

Akwai gasar mil 10, da 25, da 50, da 100. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta awa 12, da yayarta ta awa 24, irin wadda kulob ɗin Mersey Roads ke shiryawa. A waɗannan babu layin ƙarshe. Lokaci aka yanka wa kowa daidai wa daida, nisan da ka ci a cikinsa shi ne sakamakonka. Idan an doshi ƙarshe sai a karkata mahaya zuwa wata gajeriyar hanya mai zagaye, inda masu agogo ke zaune jefi-jefi, su lissafa inda lokacin kowa ya cika.

Ga lissafin da kowane tsohon mahayi ya haddace. Mai tafiyar mil 20 a awa yana cin mil ɗaya a minti uku. Ke nan idan ya sauka ya miƙe baya, ya ci abinci a tsaye, ya ɗan yi hira da masu taimaka masa, minti shida sun tafi da mil biyu. Kafin ya fanshe su sai ya ƙara mil ɗaya a kan gudunsa na awa biyu cur, a lokacin da cinyoyinsa ba su da wannan rarar. Shi ya sa suke ci suna sha a kan sirdi. Matar mahayi ko abokinsa ya tsaya a gefen titi da gorar ruwa da ayaba, ya ɗan ruga ya miƙa, shi kuwa ya cafke bai daina taka feda ba. Babu tsayawar da ba ta da hujja mai kyau a lokacin da ake yin ta. Wuya ya ƙage, ƙafa ta yi zafi, ciki ya murɗa. Agogo dai bai san hujja ba.

Ɗaya tarkon yana can farkon tafiya. Jiki da sauran ƙarfi, gari da sanyi, ga wanda aka saki minti ɗaya kafin kai kana hango bayansa. Zuciya ta ce ka kamo shi. Wanda ya biye mata zai ji daɗin awa uku na farko, ya biya bashin a awa na tara, lokacin da zai ga waɗanda ya wuce da safe suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ba don sun ƙara gudu ba. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a gayya ya san saurayin da kan fara kunya da kirari da ƙura, kafin hantsi ya dube shi yana neman inuwa, dattijon da ke gefensa kuwa yana nan yana sara har azahar.

Abin da nake ganin ya kamata mu lura da shi ke nan. Mun fi yaba wa mutum a ranar da ya yi yunƙuri, ranar da ya kwana yana karatu ko ya buɗe shago da ɗoki. Alhali dogon aiki, ko hadda ce ko sana'a ko tarbiyyar 'ya'ya, ba a ranar yunƙuri ake rasa shi ba. A ƙananan hutu ake rasa shi, waɗanda kowannensu bai kai abin magana ba, da kuma ƙarfin da aka ɓarnatar da wuri don kawai an hango wani a gaba. Sannu-sannu kwana nesa gaskiya ce, amma masu wannan tsere ba sannu suke tafiya ba. Kowa ya auna iyakar gudun da jikinsa zai iya riƙewa har faɗuwar rana, ya tsaya a kansa, bai haura ba bai sauko ba. Sanin wannan ma'auni ya fi ƙarfin cinya wuyar samu, kuma ba ka samunsa da kallon na gabanka.

Beryl Burton ta kulob ɗin Morley a Yorkshire ta san nata ma'aunin sarai. Matar aure ce mai 'ya ɗaya, tana aikin ƙarfi a gona, mijinta ne ke gyara mata keke, kuma ba ta taɓa mayar da tsere sana'a ba. Shekara 25 a jere, daga 1959 zuwa 1983, ita ce gwarzuwar mata ta Birtaniya a jimillar gasannin tsere da agogo. A 1967 ta shiga gasar awa 12, aka sake ta bayan Mike McNamara, wanda a ranar yake kan hanyar kafa sabon tarihin maza. Ta daɗe ba ta ko hango shi ba, ba ta kuma haukace da nemansa ba. Sai can da yamma ta cim masa, ta zaro alewa daga aljihun rigarta ta miƙa masa, ya karɓa, ta wuce.

McNamara ya kafa tarihinsa da mil 276.52. Ita ta yi mil 277.25, wato kilomita 446. Abin da ke tsakaninsu bai cika mil ɗaya ba, a irin gudunsu kuwa bai kai tafiyar minti biyu ba cikin awa goma sha biyu. Da ta sauka sau ɗaya ta gyara takalmi ta sha ruwa a natse, da ba a ba da wannan labari. Sai a 1969 wani namiji ya zarce nisan da ta ci. A ɓangaren mata kuwa shekara 50 aka yi ana bin sawunta da sababbin kekuna masu tsaga iska, kafin Alice Lethbridge ta wuce nisan nata a 2017.