Tsagewar Kankare: Ƙaddara ko Sakaci?

A Gawuna, da damina ta ja baya, sai aka ga ginshiƙin kankare na wani gida ya tsage, jan tsatsa na tsiyayowa. Ruwa ne ya ratsa har ya cim ma rodi. Rodin ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa simintin daga ciki.

Mai gida ya ce ƙaddara ce.

Malamai kuwa sun bambanta ƙaddara da sakaci: tawakkali bai halatta wa birkila ya cika yashi ya rage siminti ba. Rashin kula da gini ma sakaci ne. Gidan Ɗan Hausa na Nassarawa, inda Hanns Vischer ya buɗe makaranta a 1909, ginin ƙasa ne, amma yana tsaye saboda ana sabunta masa yaɓe. Shi kuwa ginshiƙin, tun da aka cire katakon da aka zuba shi a ciki ba wanda ya sake waiwayarsa.