Ruwan Tiyo da Lissafin Hawa da Sauka

Da rani, a fadamun Ikara inda ake noman tumatir, ko a gonakin raken Makarfi da Kudan, akwai wani abu da ido ke gani kullum har ya daina lura da shi. Yaro zai ta da injin ban ruwa, ya ɗaga bakin tiyo don ruwan ya kai fangali na nesa. Ruwan ba ya tafiya a miƙe. Yana tashi da ƙarfi, ya sassauta, ya lanƙwasa, sannan ya faɗo. Ko injin sabo ne ko tsoho, siffar ɗaya ce, domin Allah ya sa ƙasa tana janyo kowane ɗigo daidai wa daida. Masu lissafi na kiran wannan siffa farabola, kuma a 1638 Galileo, mutumin Italiya, ya wallafa hujjar cewa abin da aka jefa wannan hanya yake bi idan iska ba ta dame shi ba.

A ce ruwan ya faɗi mita 4 daga bakin tiyo, tsororuwarsa kuma mita 2 ce. Idan x ne nisa, y kuma tsayi, ƙa'idarsa ita ce y = 2x − x²/2. Tambayar da ake yi wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare ita ce: a daidai mita 1, yaya ƙarfin hawan ruwan yake?

Tambayar kamar ba ta da amsa. Ana gane hawa ne da wuri biyu, nan da can, a ga nawa aka ɗaga cikin nawa aka tafi. To, wuri ɗaya tak aka bayar. Dabarar ita ce a aro na biyu, a riƙa matso da shi. A mita 1 tsayin ruwan 1.5 ne, a mita 2 kuma 2 ne, hawan ya zama 0.5. A matso zuwa mita 1.1, sai a sami 0.95. A ƙara matsowa zuwa 1.01, sai 0.995. Amsar tana rarrafawa zuwa 1, kuma 1 ɗin ce ake nema. Newton na Ingila da Leibniz na Jamus, wanda ya buga nasa aikin a 1684, su suka mai da wannan matsowa ilimin kalkulas, yadda ɗalibi zai rubuta a layi guda cewa hawan a ko'ina shi ne 2 − x.

Wannan ɗan layi yana tona asirai. A bakin tiyo hawan 2 ne, a mita 1 ya koma 1, a mita 2 sifili. Ashe tun fitowarsa ruwan yake rasa ƙarfi, ko da yake ido na ganin yana ƙara sama. A tsororuwa kuwa, inda ya fi ɗaukar ido cikin rana, hawan ya riga ya ƙare.

Abin da ya fi ban mamaki yana mita 1 da mita 3. Tsayinsu ɗaya ne, 1.5. Wanda ya ɗauki hoto ya yanko ɗigo biyun ba zai bambanta su ba. Amma hawan na farko 1 ne, na biyu −1: wannan tashi yake yi, wancan faɗuwa.

Haka ake samun dillalan rake biyu a kasuwar Makarfi, kowanne ya loda mota ɗaya, kowanne da babbar riga da sabon babur. Ɗaya bara rabin mota ya iya, bana ya cika ta. Ɗayan da mota uku ya saba, yanzu uwar kuɗi yake ci. Mutanen gari da tsayi suke awo: nawa yake da shi, gida nawa, wa ya zo ɗaurin auren 'yarsa. Kaɗan ne ke tambayar ina ya dosa. Masu tambayar ma sukan ɗauko wuri na biyu daga nesa, su ce ai mun san shi yana tura baro, dubi inda ya kai. Lissafinsu bai yi ƙarya ba, don daga bakin tiyo zuwa mita 3 hawan 0.5 ne, ci gaba ne a takarda, alhali ruwan ya riga ya juyo ƙasa. Maroƙa kuwa, Allah ya ba su haƙuri, a tsororuwa suka fi taruwa.

Masu awon kusa ba su cika magana ba. Uwargida ta san kuɗin cefanen jiya da na yau. Yaron shago ya san ko kayan da aka sayar makon jiya an mayar da gurbinsu. Mai shayin bakin tasha ma ya lura Alhaji ya fara cewa a rubuta, sai ranar kasuwa.