Babur Marar Riga da Haƙƙin da ke Wuyan Mai Hawansa

Akwai wani nau'in babur da Turawa suke kira tsirara. Sun raɗa masa wannan suna ne domin ba a lulluɓe shi da robar da ake rufe baburan tsere da ita ba. Injinsa a waje yake, ƙarafunan da suka riƙe shi a fili, fitilarsa guda a gaba, tankin mai ya yi tozo kamar na bijimi. Italiyawa ne suka fi shahara da ƙera irinsa, kuma duk wanda ya taɓa ganin ɗaya a tsaye ya san yadda ido ke maƙalewa a jikinsa. Mutum yana da 'yan kuɗinsa, ya ga wannan babur, zuciya ta biya. Ya saya ko ya haƙura? A ido tambayar ciniki ce, amma da an ɗan tona sai a tarar da tsohuwar tambayar da mutane suka daɗe suna yi wa kansu: shin ya halatta mutum ya kashe dukiya mai yawa a kan abin da bai buƙata, wanda kuma zai iya halaka shi, don kawai yana sonsa?

Ya kamata mu fara sanin abin da ake magana a kai. Kamfanin Ducati an kafa shi a birnin Bolonya a 1926, kuma da kayan rediyo ya fara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, ya shiga ƙera wani ɗan ƙaramin inji da ake ɗaura wa keke, saboda talakan Italiya na lokacin abin da zai kai shi wurin aiki kawai yake nema. Buƙata ce ta haifi sana'ar. Daga baya, a 1993, kamfanin ya fito da Monster, wato Dodo, wanda Miguel Galluzzi ya zana, kuma shi ne ya farfaɗo da kasuwar babura marasa riga. Wasu kamfanonin ƙasar suka biyo baya: MV Agusta da Brutale, zanen Massimo Tamburini, sai Aprilia da Tuono, ma'ana tsawa. Sunayen kaɗai sun isa su nuna cewa ba don kai yara makaranta aka yi su ba. Monster mai inji 937 yana da ƙarfin doki 111. Streetfighter V4 na kamfanin da ya fito a 2020 yana da 208. Bajaj Boxer da ya cika titunanmu, wanda ke ɗaukar mutum uku da buhun masara, ƙarfinsa bai kai doki 10 ba.

To ga hujjar farko ta masu cewa kada a saya: almubazzaranci ne. Kuɗin babur guda irin wannan zai sayi ƙananan babura goma ko fiye, kowanne kuma zai iya riƙe gida guda. A ƙasar da maƙwabci ke kwana da yunwa, da wane ido mutum zai hau doki ɗari na ƙarfe ya wuce ta ƙofarsa? Wannan hujja tana da nauyi, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Sai dai idan aka bi ta har ƙarshenta, za ta cinye abubuwa da yawa da ba mu yarda a cinye ba. Babbar riga mai aiki ba ta fi ta yadin banza rufe jiki ba. Turaren wuta ba ya ƙosar da kowa. Dokin da ake kiwo shekara guda cur, ana ba shi dawa da harawa da kanwa, don a hau shi ranar hawan Sallah, bai taɓa noma kunya ɗaya ba. Duk da haka ba mu ce wa mai doki ɓarnatacce, muna fita kallonsa ne da 'ya'yanmu a kafaɗa. Al'adarmu ta daɗe da yarda cewa ɗan Adam yana da rabo a cikin kyau da nishaɗi, bayan ci da sha. Saboda haka rashin amfani kaɗai bai isa ya haramta sayen babur ba.

Abin da ke raba ado da ɓarna shi ne inda kuɗin ya fito da kuma wanda aka hana don a yi shi. Mai dokin da muke girmamawa shi ne wanda gidansa ke da abinci, wanda bai bar bashi a wuyansa ba. Wanda ya ɗaure ingarma a ƙofar gida alhali matarsa na aron gishiri, kowa ya san sunan da ake kiransa da shi a bayan ido. Haka abin yake ga babur. Idan kuɗin rarar gumi ne, an biya kuɗin makaranta, an sauke nauyin iyaye, an fitar da haƙƙin mabuƙata, to mai shi bai ci amanar kowa ba. Idan kuwa bashi za a ci, ko fili za a sayar, ko a jinkirta maganin tsohuwa, to an riga an amsa tambayar tun kafin a je wurin dillali.

Lissafin kuɗin ma bai tsaya a ranar saye ba. Da yawa daga cikin injinan Ducati suna da wani tsari na musamman wajen buɗewa da rufe bawul, wanda injiniya Fabio Taglioni ya kawo wa kamfanin, kuma saita shi aiki ne na ƙwararre mai kayan aiki na musamman. Tayoyin irin waɗannan babura masu laushi ne don su kama kwalta, shi ya sa suke saurin cinyewa. Injin yana son mai mai kyau, ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa matatar iska. A Bolonya mai babur zai tura shi shagon da ke bayan layi. A Kano ko Maraɗi, ƙaramin abu in ya lalace sai an yi odarsa daga ƙetare a zauna jira, bakaniken unguwa kuwa, duk iyawarsa da Jincheng, wataƙila bai taɓa buɗe irinsa ba. Wanda ya iya saye amma bai iya riƙo ba zai wayi gari da gunki a zaure, an rufe shi da tsohon zani. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan lissafi tun kafin a miƙa kuɗi ake yin sa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko tsanani, domin ta shafi rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma masu babur na cikin waɗanda abin ya fi ci, saboda jikinsu ne bangon motarsu. Mai gudun kilomita 100 a awa yana shafe kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Idan ya ninka gudunsa sau biyu, ƙarfin karon da zai yi ninkuwa yake sau huɗu, haka ma nisan da birki ke buƙata. Mai sha'awa zai ce raina ne, ni zan ji ciwon. Amma wa ya taɓa mallakar ransa shi kaɗai? Magidanci yana da mata da 'ya'ya da suka jingina da shi. Saurayi yana da uwar da ba ta barci sai ta ji shigowarsa. In ya faɗi ya karye, wani ne zai kwana a asibiti yana jinyarsa, wani ne zai biya. Bayan su kuma akwai waɗanda ba a yi shawara da su ba sam: yarinya mai tallar gyaɗa da ke tsallaka titi, dattijo a kan keke, almajiri da ya fito da gudu daga lungu. Shi mahayin ya zaɓi kasadarsa da idonsa biyu, su kuwa ba wanda ya tambaye su.

Abin lura shi ne ƙasar da ke ƙera baburan nan ba ta sakar wa kowa su. A Italiya, kamar sauran ƙasashen Tarayyar Turai, lasisin babur hawa-hawa ne. Ɗan shekara 18 iyakarsa babur mai ƙarfin doki kusan 47. Kafin ya hau babba sai ya yi shekara biyu a kan wannan, ko kuma ya kai shekara 24 ya ci jarrabawa. Wanda ke son ya gwada iyakar gudun injinsa kuma akwai filayen tsere kamar Mugello da Misano, inda ake buɗe wa masu sha'awa a wasu ranaku, babu mai tsallaka hanya, motar asibiti na tsaye. Dokar ta gane cewa kuɗi na sayen babur amma ba ya sayen hannu. A inda doka ba ta tsaurara haka ba, nauyin ya koma kan mutum ya zama hukumar kansa: ya fara da ƙarami, ya koya a wurin wanda ya iya, ya sayi hular kwano ta gaske da rigar kariya da safar hannu da takalmi kafin ya sayi injin.

Akwai kuma wani abu a ƙirar babur marar riga da ya cancanci yabo. Babur mai rufi yana yanka iska ya ɓoye mahayi a bayan gilashi, har mutum ya yi mugun gudu bai ankara ba. Marar riga kuwa iska a ƙirji take dukan mai shi, tana jan wuyansa, tana ƙaruwa da kowane ɗigon mai da ya ƙara. Jiki yana jin gudun tun kafin ido ya duba agogo. Mai hankali zai ɗauki wannan a matsayin gargaɗi, ya sami daɗinsa a kwana da kan hanya mai kyau da ƙarar inji, ba sai ya kai ƙarshen allura ba. Wanda kuma ya mayar da dukan iskar abin gasa, babu ƙirar da za ta cece shi.

Saura tambaya guda da mutum ne kaɗai zai iya amsa wa kansa: hawan yake so, ko kallon da za a yi masa? Gwajin mai sauƙi ne. Ya ƙaddara cewa zai hau babur ɗin da asuba a hanyar da babu kowa, ba hoto, ba bidiyon da za a ɗora a TikTok, ba abokin da zai yi masa kirari. In har yanzu zuciyarsa na so, to sha'awar ta gaskiya ce. In kuwa ya ji daɗin ya ragu da rabi, idon mutane yake shirin saye da tsada, kuma idon mutane ba ya daɗewa a wuri guda. Mai neman a gan shi ne ke ɗaga tayar gaba a tsakiyar kasuwa, shi ne ke tayar da unguwa da ƙara cikin dare, shi ne ya fi kusa da kabari, nasa ko na wani.

A ganina babu aibi ga mutum ya so abu mai kyau, ko da ba zai ci ko ya sha daga gare shi ba, kuma bai kamata a sa shi jin kunyar hakan ba. Wanda kuɗinsa halas ne kuma rara, wanda zai iya riƙon babur ɗin, wanda ya yarda ya koya a hankali, wanda ya zauna da iyalinsa ya gaya musu gaskiyar haɗarin suka fahimta, wanda ya ɗauki titi a matsayin hanyar jama'a, ya saya, Allah ya tsare hanya. Wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya gagare shi, ya dakata. Kamfanonin Bolonya da Barese ba su daina ƙira ba, baɗi ma akwai wani sabo, kuma haƙurin shekara guda ya fi sauƙi a kan nadamar da ba ta da magani.