Wane Ne Ya Cancanta Ya Riƙe Taskar Masu Bincike?

Daɗaɗɗiyar mas'ala ce tsakanin ma'abota hikima, ko ya fi dacewa dukiyar da ake ciyarwa ga binciken ilimi ta fito daga baitulmali guda, ƙarƙashin ikon shugaba guda, ko kuwa a rarraba ta a hannaye da yawa. Masu ra'ayin farko suna da hujja, domin akwai ayyukan da ƙarfin attajiri ɗaya ba ya kai musu, sai dai na daula.

Amma duk wanda ya yi tadabburi cikin tarihin ilimin falaki zai ga inda illar take. Sarkin Santambul Muradu na Uku ya gina wa malami Taƙiyyuddini ɗakin nazarin taurari a 1577, ya cika shi da manyan kayan awo, sa'an nan da zuciyarsa ta juya, sai ya yi umurni aka rushe shi a 1580, babu mai iya cewa uffan. Shi kuwa na Maraga, wanda Nasiruddini Ɗusi ya assasa a 1259, da yake an jingina guzurinsa ga kuɗin waƙafi, ya ci gaba da aiki bayan mutuwar sarkin zamanin, Hulagu, da ta Ɗusi kansa.

Saboda haka abin da hankali ya hukunta shi ne, hukuma ta ɗauki manyan ayyuka, amma a bar jami'o'i da waƙafai su riƙe nasu kason, domin idan mai rabo guda ya yi kuskure, wani ya samu halin gyarawa. Allah ne mafi sani.